Kushewar Taya a Fadamar Bawa

Akwai labarin da kuka taso kuna ji a bakin tsofaffin direbobin Kaura, wai ubanku ya taɓa fitar da jif daga taɓo shi kaɗai, ba tarakta ba kowa, da wayonsa kawai. Kai Kabiru har rigima ka yi a makaranta da wanda ya ce ƙarya ne. Na daɗe ina jin labarin nan ina gyara zaman hula, ban taɓa cewa haka aka yi ba, ban kuma taɓa cewa ba haka aka yi ba. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya ragu, sitiyari ya fi ƙarfina, kuma ba na son in tafi da kayan wani a kaina. Motar ta fita, wannan gaskiya ne. Amma ni saka ta na yi, wanda ya fitar da ita kakanku ne.

Kakanku Malam Ummaru manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu na gefen Badarawa, gero da dawa da ɗan wake. Sai dai shi ke gina kabari a garin, kushewa muke cewa a can. Da zarar an yi rasuwa, ko yana tsakiyar noma, zai ajiye fartanya ya saɓa dagi da diga ya nufi maƙabarta, ba wanda ya aike shi, don Allah yake yi. Manya suna ganin girmansa ƙwarai. Yara kuwa ba su da wannan hankalin, ɗan mai kushewa suke kirana tun ina tsallen kwaɗo, har akwai masu cewa kada a haɗa hannu da ni a kwano. Na girma da abin nan a raina. Da na koyi tuƙi na samu aiki a wani ofishin aikin gona a Kaura Namoda, na sa riga mai aljihu biyu, sai na ɗauka na rabu da sunan har abada.

Ranar sunan Kabiru na ɓata da kakanku. Mutanen ofis sun cika ƙofar gidana, ana shan fura ana raha, sai ga Baba ya iso a makare, da jar ƙasa har gemu, domin da asuba aka yi rasuwa a ƙauye, daga maƙabarta ya hau mota. Na ja shi bayan gida, na miƙa masa wata rigata, na ce ya bar aikin nan haka, yana zubar mini da mutunci a gaban mutane. Ya ninke rigar ya ɗora a kan turmi, ya shiga ya yi wa jariri addu'a, ya koma tasha ko ruwa bai sha ba. Ni kuma taurin kai ya hana ni binsa, kunya ta hana ni zuwa daga baya, har damina biyu ta wuce ban taka gidanmu ba.

Jif ɗin nan ita kaɗai ce motar ofishinmu. Mai jan ƙafa huɗu ce, kuma a goshinta akwai winci, wato injin da ke naɗe igiyar ƙarfe, idan ka ɗaura bakin igiyar a jikin itace sai motar ta jawo kanta. Shekara goma sha biyu ina tuƙi ko kaza ban taɓa takawa ba, shi ya sa aka damƙa mini makullinta, kuma ranar da aka ba ni an gaya mini ƙarara cewa idan motar ta salwanta a hannuna, in kama gabana. Kaura kuwa ba ta da girman da direba zai nutsar da mota a yau, gobe wani ya ba shi makulli. Da sitiyarin nan uwarku take ɗora tukunya.

Cikin marka ne, ruwa ya yi kwana uku yana zuba yana ɗagawa. Aka tura mu ni da Mista Istifanus mu duba wata cuta da ta faɗa wa shinkafa a wani ƙauye bayan namu. Istifanus malamin gona ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Kaura har ya fi ni sanin masu gero a kasuwa. Hanyar ƙauyen guda ɗaya ce mai kyau, ta kan tudu, kuma ta ƙofar zauren Baba take bi. Da muka bar titin Shinkafi muka zo mararraba, sai na karya kan mota hagu, na nufi fadama.

"Malam Lawali, ina za ka kai mu? Ba wannan ce hanya ba."

"Yanke ne, Oga. A nan aka haife ni, na san wurin."

"Na san a nan aka haife ka. Motar ce ba a nan aka haife ta ba."

Na yi dariya na ƙara mai. Ba mu yi nisa ba na ji ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashinmu. Maimakon in tsaya in koma da baya, abin da ko ɗan koyo ya sani, sai na danna totur don in ƙetare da ƙarfi. Tayoyi huɗu suka yi ta juyawa suna feshin laka, motar na sauka a hankali, har cikinta ya zauna daram a kan taɓo. Da na buɗe ƙofa, laka ce daidai da matakala. Hantsi bai gama ɗagawa ba a lokacin.

Gonar wani dattijo ce mai suna Bawa, mutum mai faɗa da yawan magana, ga shi na tattake masa shinkafa kunya huɗu. Ya zo yana masifa, manoman kusa suka biyo shi, kusan mutum ashirin. Da ya gane ni sai faɗan ya koma tsiya, ya ce ashe 'yan birni ma suna noman shinkafa da mota. Duk da haka shi ya fara tuɓe riga. Muka tura, motar ko gezau. Aka kawo shanun huɗa guda huɗu aka ɗaura, suka ja har suka durƙusa, igiya ta tsinke. Na duba gabas da yamma, babu itace ko ɗaya da igiyar winci za ta kai gare shi, sai shinkafa da ciyawa. Tarakta kuwa ko an samu ba za ta shigo nan ba, ita ma sai ta kafe. Bawa ya nuna mini gabas da haɓa, inda sama ta yi baƙi ƙirin.

"Ka ga wancan? Tun da asuba aka ruwa wajen Zurmi da Gurbin Bore. Kahin la'asar gulbi ya kawo, wurin ga da kaka tsaye sai mai iyo. Bara kwana arba'in ruwa sunka yi nan."

Na san bai ƙara gishiri ba, da idona na sha ganin fadamar nan ta zama tafki cikin sa'a guda. Sai na tuna wata dabara da wani direban babbar mota, mutumin Nijar, ya taɓa faɗa mini a kasuwar Shinkafi: idan babu itace, ka binne safayar taya a ƙasa ka ɗaura igiya a jikinta, sai ta zame maka itace. Wannan kaɗai ne rabona a labarin, ku riƙe shi da kyau, don ba shi da yawa. Muka haƙa rami har ƙugu a gaban motar, muka saka taya, muka mayar da ƙasa, maza shida suka tattake. Na kunna winci. Igiya ta miƙe, ƙasa ta kumbura, taya ta fito tsulum tana jan ciki zuwa wajen mota. Muka ƙara zurfi muka sake. A karo na biyu da ƙarfi ta ɓalle, ta wuce ta gefen kunnen Istifanus, ta faɗa cikin shinkafa. Daga nesa muka ji kiran azahar.

Istifanus ya share laka daga tabarau, ya ce shi a ganinsa dabarar ba ta da laifi, ramin ne bai yi ba, ko akwai wanda ya san aikin ƙasa sosai a kusa? Kowa ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Istifanus yana wurin sunan Kabiru, amma bai san abin da ya faru a bayan gida ba, su kuwa mutanen ƙauye babu wanda bai sani ba. Bawa ne ya buɗe baki.

"Kai Lawali, dut ƙasag ga mutum guda ya san ƙasa, kuma ka san ƙohwatai. In girman kai za ka ci, zamna ka ci, ruwa su ci mota."

Na tafi. Tafiyar rabin sa'a ce, amma ban taɓa yin mai nauyinta ba. Na shiga gari ba takalmi, laka har wuya, ta gaban mutanen da rabonsu da ni tun ina cikin guga da turare. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kuma kallona ido da ido, ranar ma ba ta fasa ba. Rariya take kallo tana magana.

"Wa nika gani awa mutumen Kaura? Ashe ana gane hanyar gidan ga. Shina zaure, yanzu yag gama salla."

Na durƙusa a bakin zaure na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya dube ni daga sama har ƙasa. Na faɗa masa komai a gurguje, mota, taɓo, taya, ruwa.

"Gonar wa?"

"Ta Bawa, Baba."

"Ko jaki ba shi bin wurin ga da marka. Ga hanya bisa tudu. Mi yak kai ka?"

Na shirya ƙarya tun a hanya, cewa sauri muke yi. Da na buɗe baki sai ta ƙi fita.

"Gudun ƙofar nan na yi, Baba. Kunyar abin da na faɗa maka nake ji. Ka gafarce ni."

Ya miƙe, ya ɗauko dagi da diga a bayan ƙyaure, ya miƙo mini digar.

"To ka ga inda gudun yak kai ka. Tashi mu tahi, maganar ga ta iya jira, ruwa ba su jira."

Da za mu fita ya zare kara guda daga jikin darni. A lokacin ya haura saba'in, amma sai da na riƙa haɗawa da gudu kafin in cim masa.

Da muka isa bai ko kalli motar ba. Ya leƙa ramin da muka haƙa, ya girgiza kai kamar an nuna masa ɗinkin makaho. Sai ya shiga zagaye yana caka dagi a ƙasa yana saurare, nan ya caka ya wuce, can ya caka ya wuce, har ya kai wani ɗan tudu inda tsohon suri ya rushe, daf da ƙarshen inda igiyar za ta iya kaiwa. Nan dagin ya yi wata ƙara daban. Ya ce a mirgino taya. Ya ɗora karan nan a kanta ya auna, ya karya daidai faɗinta, yadda yake auna mamaci kafin ya fara gini, ya kwantar da karan a ƙasa ya ja layi. Mutane suka ja da baya. Bawa ya yi tsalle ya dira a gabansa.

"Malam Ummaru, kara nika gani! Kushewa za ka gina mani cikin gona ina da raina? Wallahi ba a yi! Wa ka cin shinkahwar?"

"Bawa, ni nig gina ma ubanka, ni nig gina ma uwarka. Ka taɓa ganin na gina ma wanda bai shirya ba? Kai da sauranka, bakinka bai mutu ba. Kuma buɗe ido ka duba. Kushewa kudu da arewa taka kwanciya, mai ita shi dubi gabas. Wagga kuwa, mota za ta duba."

Aka fashe da dariya, har Bawa sai da ya murmusa, ya ce to amma a tone abin da aka binne kafin a tafi, kada a ce yana da asiri a gona. Baba ya ce in fara. Ran nan na fara sara ƙasa a gabansa tun da aka haife ni. Yana tsaye a kaina yana gyara mini riƙo, ya ce bango ya miƙe sak, kada in bar shi ya yi baki kamar ƙwarya. Muna karɓa-karɓa da manoma har rami ya kai ƙirji. Sannan ya ce kowa ya fito, ya naɗe wando ya shiga da kansa. A gindin bangon da ke fuskantar mota ya shiga ƙwaƙule wani lungu da dagi, a hankali, yana kwashe ƙasar da hannu. Lahadu ke nan, lungun da ake yi a gefen kabari a kwantar da mamaci, ƙasar da ke samansa ba a taɓa ta ba. Yana yi yana magana ba tare da ya ɗago ba.

"Kai ka sa taya, ka maida ƙasa bisa, kana son ta riƙe. Ƙasad da anka tone ba ta da ƙarhi, ko kwana bakwai kay yi kana taka ta. Wadda ba a taɓa ba ita ka riƙo."

Da ya gama sai ya tsaga wata siririyar hanya daga lahadun ta nufi mota, faɗinta bai fi tafin hannu ba, don igiyar ta kwanta ciki ta ja daga ƙasa. A ramina ta kan baki igiyar ke hawa, shi ya sa take ɗago tayar sama. Na zura igiya ta tsakiyar taya, na gitta ƙarfen kwance taya a bayanta, muka tura ta cikin lungun a tsaye, ta shige kamar don ita aka halicci wurin. A can kuma Istifanus ya tuɓe takalmi ya shiga laka har cinya, shi da sauran suna yashe cikin motar da hannu, suna cusa ciyawa da tsofaffin zana a gaban tayoyi. Na rage wa tayoyin iska. Muna cikin haka wani ya ce a duba. Ruwa ne ja yake tahowa ta cikin shinkafa, ba gudu ba hayaniya, ya riga ya rufe ramin da na haƙa da safe.

Na shiga mota, na yi bisimilla na tayar. Baba ya tsaya a gefen ramin ba takalmi, ya kafa diddige a kan ƙasar da ke saman lahadun. Na yi masa ihu na ce ya matsa, don na ga abin da taya ta so yi wa Istifanus. Ya ɗaga mini hannu kawai, alamar in ja. Na kunna winci. Igiya ta tashi daga laka tana ɗiga, ta miƙe, ta fara kuka. Inji ya canza murya. Motar ta yi rawa amma ba ta motsa ba, ni kuma idona na kan ƙafar Baba, ina jiran in ga ƙasa ta kumbura. Na sassauta don tsoro.

"Wa yac ce ka tsaya? Ja! Ta riƙe!"

Na ja. Na sa giya ta ɗaya na ba ta mai kaɗan kaɗan, maza ashirin suka sa kafaɗa a baya, Bawa na ba da baki. Sai na ji wani irin tsotso daga ƙarƙashina, laka ta saki cikin motar da ƙara, goshinta ya ɗago. Taku ɗaya. Tayoyin gaba suka kama zana. Taku biyu. Daga nan ta shiga tafiya, tana tangaɗi tana zubar da taɓo, igiya na naɗewa, har ta hau tudun surin ta tsaya a gaban Baba, numfashinta na kaɗa masa riga. Fadama ta ɗauki kabbara. Istifanus ya rungume Bawa suka faɗi tare cikin shinkafa, yana ta faɗin Allah mun gode. Ni kuwa na kifa kai a sitiyari na yi kuka, kukan da ban yi irinsa ba tun ina yaro, na murna da na kunya a haɗe, ban damu da wanda ke kallo ba.

Saura taya, ga igiya a jikinta, ga alkawarin Bawa. Na miƙa wa Baba dagi, ya noƙe hannu ya ce shi bai taɓa tone abin da ya binne ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Ni na shiga na tone ta, sai da na yi gumi, don lahadun bai so sakinta ba. Na mayar da ƙasa na daidaita wa Bawa gonarsa. Daga surin akwai ɗan gefe mai tauri da ya haɗe da hanyar tudu, Baba ya shiga gaba yana caka dagi, ina binsa da mota a hankali, har muka fita.

A kan tudu muka yi la'asar. Da muka sallame muka juyo, inda motar ta kwanta tun safe babu shi, sai jan ruwa shimfiɗe da kawunan shinkafa suna leƙe. Da mun ƙara rabin sa'a, da sai dai a nuna wa ofis wurin da yatsa. Baba na zaune a kan safayar taya, dagi a gicciye a cinyarsa, ya daɗe yana kallon ruwan. Sai na ga kafaɗunsa na motsi. Na matsa da sauri, na ɗauka wani abu ne ya same shi, ashe dariya yake yi, har da hawaye. Istifanus ya tambaye shi lafiya.

"Lahiya lau, Malam. Shekara hamsin ina ginar rami, kowa nis sa ciki ya tahi ke nan. Yau na gina guda, ya hiddo mani mota, ya hiddo mani ɗa."

Ya share ido da bakin riga, ya miƙo mini hannu in tashe shi, ya ce mu tafi gida, tuwo na hucewa.